Ba A Koyon Bindiga Da Ka

Daga cikin sunayen da Bahaushe ya laƙaba wa bindigar gargajiya, da wuya a sami wanda ya kai "harba-ruga" faɗin gaskiya. Sunan ya bayyana halin makamin, watau harbi ɗaya take yi sai an sake yi mata ɗuri. Ya kuma bayyana halin mai riƙe da ita, wanda da zarar ya ja kunama sai ya ranta a na kare, ya nemi maɓoyar da zai sake zuba albarushi. Abin da sunan bai faɗa ba, amma kowane tsohon maharbi ya sani, shi ne bindiga ba ta san mai ita ba. Yadda take kayar da gada a dawa, haka take kayar da yaro a tsakar gida, ko kuwa ta cinye yatsun wanda ya ɗura ta. Saboda haka ne mutanen da ba su taɓa yarda a miƙa ta ga wanda bai zauna a gaban gwani ba. Abin takaici, wannan hikima ta tsofaffi tana neman ɓacewa daidai lokacin da bindiga ta fi yawa a hannun jama'a fiye da kowane zamani a tarihin ƙasar Hausa.

Mai karatu ba ya bukatar a faɗa masa yadda aka yi aka zo nan. A shekarar 2013 samarin Maiduguri suka tashi da gora da adda suka taimaki soja wajen korar Boko Haram daga cikin birni, sa'an nan a 2014 maharban Adamawa suka sa hannu wajen ƙwato Mubi. A yammacin Arewa kuwa, ɓarayin daji sun addabi ƙauyuka har ta kai Gwamna Aminu Masari na Katsina ya ce wa mutane a 2021 su nemi abin kare kansu, Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya maimaita irin wannan kira a 2022. Daga baya jihohi suka kafa nasu dakarun: Katsina ta ƙaddamar da nata a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta fito da Askarawa fiye da dubu biyu a watan Janairu na 2024. Duk tsawon wannan lokaci ana ta muhawara a rediyo da jaridu da majalisun bakin titi a kan tambaya guda: shin ya kamata a bar talaka ya riƙe bindiga ko a'a? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba a nan za a warware ta ba. Amma akwai wata da ke biye da ita, wadda da ƙyar ake jin wani ya ɗago ta, ita ce: wanda bindigar ta riga ta shiga hannunsa bisa doka, ko maharbi ne, ko ɗan sintiri, ko askari, ko ɗan bindigar fada, wane ne malaminsa, kuma wa ya gwada shi ya tabbatar ya iya?

Tarihi ya nuna sarakunan da suka fara shigo da wannan makami ba su yi wasa da tambayar ba. Kalmar "bindiga" kanta aro ce daga Larabci, kuma ta hanyar Sahara ta fara isowa wannan yanki. Liman Ahmad ɗan Fartuwa, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Barno a ƙarni na 16, ya ambaci cewa sarkin yana da Turkawa masu harbin bindiga, kuma an horar da bayin gidansa har suka ƙware. Watau Mai Idris bai tsaya ga sayen ƙarfe ba, har da masu koyar da shi ya nemo. A Kano, littafin tarihin sarakunanta ya ce a zamanin Kumbari (1731-1743) aka shigo da bindigogi daga Nufe, amma sai a zamanin Babba Zaki (1768-1776) aka kafa rukunin 'yan bindiga masu tsaron sarki. Tun daga nan abin ya zama gado, uba yana koya wa ɗa, kuma jikokin wannan tsari ne suke tayar da ƙura da hayaƙi a gaban sarki ranar hawan Salla. Wanda ya lura da su zai ga albarushi kawai suke ɗurawa, bakin bindiga yana kallon sama ko ƙasa, kuma ba sa harbi sai shugabansu ya ba da alama.

Akwai wani labari da Baturen nan Kilafatan ya bayar wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar 1826 ya ga yaƙin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa a garin Konya. Ya ce a cikin rundunar akwai bindigogi arba'in da 'yan kai, yawancinsu a hannun mutanen Kano, kuma kowa ya harba sai ya ruga nesa da inda kibiya za ta kai ya sake ɗuri. Su kuwa mutanen cikin gari bindiga ɗaya tak gare su, amma mai riƙe da ita ya san abin da yake yi, domin ita ce ta kayar da na gaba a cikin 'yan lifida, ta karya musu gwiwa. Ga bindiga arba'in suna ta ƙara a banza, ga guda ɗaya tana aiki. Bambancin yana ga hannun da ke riƙe da su.

Ko a wajen fada, Bahaushe ya ɗauki harbi a matsayin sana'a, sana'a kuwa tana da ubangida. Yaron da zai zama maharbi yakan daɗe yana bin uba ko kawu a daji, yana ɗaukar gora da burgami, yana koyon sawu da iska da lokacin da dabba ke zuwa ruwa, kafin a bar shi ya taɓa baka, balle bindiga. Akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa da ke tsawatarwa, akwai kuma dokokin farauta waɗanda ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe ya saje da tsuntsaye ya fi kowa sanin dalilin da ya sa ba a harbin abin da ba a tantance ba, don shi kansa ana iya ɗaukarsa nama. Yanzu fa? Saurayi ya sayar da buhun gero, ya je wurin maƙeri ya karɓi baushe da yamma, da dare yana bakin gari yana gadi. Ba maƙerin ke da laifi ba, shi ƙira ya koya; ba kuma saurayin ba, shi gidansu yake son karewa. Amma an tsallake wani mataki da kakanninsa ba su taɓa tsallakewa ba.

To, mene ne gwani yake koyarwa wanda mutum ba zai gane da kansa ba? A ɗauki bindigar toka, wadda mutane suke rainawa. Yawancin irinta ana ƙera bututunta da ƙarfen da ba don harbi aka yi shi ba, kamar bututun famfo ko sandar sitiyarin mota, kuma babu wata ma'aikata da ta gwada iyakar ƙarfin da zai iya ɗauka. Wanda bai sani ba yakan zaci yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi, sai ya cika mata ciki, bututun ya tsage a hannunsa. Wani yakan manta ya riga ya ɗura, ya sake ɗura wani a kai. Wani bakin bindigarsa ya caki laka a kan hanya ya toshe bai duba ba, alhali bututun da ya toshe ba shi da maraba da bam. A lokacin damina albarushi yakan yi sanyi, a ja kunama ta ƙi tashi nan take, ta yi jinkiri na ɗan lokaci sa'an nan ta tashi. A cikin wannan ɗan jinkiri ne marar sani yake juyo bakinta ya leƙa don ya ga abin da ya hana, ko ya sauke ta tana kallon abokin tafiyarsa. Akwai kuma wanda da ya gama harbi sai ya kafa bakin gorar albarushi a bututu ya zuba, bai san sauran garwashi na iya maƙalewa a ciki ba, gorar ta tashi a fuskarsa. Masu ruwaito tarihin jihadi sun ce Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa auna Shehu Usmanu da bindiga a Alƙalawa, wutar ta dawo ta ƙone shi. Jama'a sun ɗauki wannan a matsayin karamar Shehu, kuma babu mai ja da haka; sai dai labarin ya ƙara nuna cewa tun fiye da shekara 200 mutanen ƙasar nan sun san wannan makami yana iya juyawa kan mai shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai gwani zai iya kawar da shi da magana ɗaya da nuni ɗaya. Wanda kuwa ya ce sai ya koya da kansa, to kuɗin makarantarsa ido ne ko hannu, wani lokaci ma rai.

Bindigar zamani haɗarinta ya ninka wannan, ko da yake ita ba ta cika fashewa ba. Harsashin AK-47 yana fita da gudun da ya kai wajen mita 700 a cikin daƙiƙa guda, yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu, kuma zana ko ƙofar langa-langa ko jikin mota ba su tare shi. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, idan kuwa aka sa ta a kan sarrafa kanta aka danne kunama, cikin daƙiƙa uku ta zazzage su duka, bakinta yana ɗagawa sama da kowane harbi, ta yadda na farko kaɗai ne yake zuwa kusa da inda aka nufa, sauran kuwa sai wanda tsautsayi ya faɗa wa. Kuskuren da ya fi kashe mutane a kanta kuwa ƙarami ne ƙwarai: mutum ya cire gidan harsashi ya ɗauka ya sauke ta, bai san akwai guda ɗaya da ya riga ya hau ba. Da wannan guda ɗayan ne ake harbe aboki cikin wasa, ko a harbi ƙafa wajen goge bindiga. Haka kuma masu harbi sama don murna a wurin biki ko don tarwatsa taro suna mantawa cewa abin da ya tafi sama zai dawo ƙasa, kuma yana dawowa da gudun da ya isa ya fasa ƙoƙon kai. Kalmar nan "harbin kuskure" da ake ji a duk lokacin da aka kashe direba ko fasinja a shingen bincike, idan aka bi diddigi, yawanci yatsa ne da ya kwanta a kan kunama tun ba a yi niyyar harbi ba.

Masu koyar da harbi a ƙasashe da yawa sun taƙaita tsaron bindiga a cikin ƙa'idoji huɗu, waɗanda ake danganta tsara su ga wani tsohon hafsan Amurka mai suna Jeff Cooper: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya; kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar hallakawa ba; kada yatsa ya hau kunama sai an gama saiti; sa'an nan a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Musulmin da ya ji waɗannan ba zai ji su baƙi ba. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani. A cikin Abu Dawuda da Tirmizi an hana miƙa wa mutum takobi a zare. Ashe ladabin riƙon makami tsohon darasi ne a wajen jama'ar nan.

Wani zai ce, to tunda ƙa'idojin huɗu ne kacal, ai sai a rubuta su a takarda a raba, ina amfanin malami? A nan ne kuskuren yake. Sanin ƙa'ida a kai daban, zamanta a cikin jiki daban. Kowa ya san ba a taka totur a maimakon birki, amma sabon direba yana yin haka idan akuya ta ɓullo masa ba zato. Mai koyon harbi ba ya ganin kansa. Bai san yana runtse ido kafin ƙarar ta tashi ba, bai san yana fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali ba, bai san kafaɗarsa tana zabura tun kafin gindin bindiga ya buge ta ba, kuma bai san duk sa'ad da ya waiwaya don amsa kira bakin bindigarsa yana share ƙirjin mutum uku ba. Idon da ke tsaye a bayansa shi ke ganin wannan, ya dakatar da shi nan take, ya sa shi ya maimaita sau ɗari har hannunsa ya riƙa yin daidai ba tare da ya yi tunani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shekara biyar yana riƙon banza ya fi sabon shiga wuyar gyara, domin kuskurensa ya riga ya zama ɗabi'a, kuma da yake bai taɓa kashe kowa ba tukuna, yana ganin shi gwani ne.

Daga nan sai a zo kan maganar zuciya, wadda ita ce ta fi ruɗin matasa. Al'adar Bahaushe tana girmama jarumi, kirarin 'yan tauri da na mafarauta cike yake da yabon wanda ba ya ja da baya, kuma babu laifi a cikin haka. Amma ƙarfin hali da natsuwa ba abu ɗaya ba ne. Idan tsoro ya kama mutum zuciyarsa tana bugawa da sauri, hannu ya ɗauki rawa, ido ya kafe a kan abu ɗaya ya daina ganin gefe, kunne ya toshe har ba ya jin abokinsa yana ce masa ya dakata. Wannan halitta ce, jarumi da rago duk tana samunsu. Ɗan sintirin da ke gadi cikin duhu, ya ji motsi a cikin dawa ya saki wuta, da safe a tarar maƙwabcinsa ne ya fito kewaya, ba rashin zuciya ya jawo masa ba; bai taɓa samun wanda ya koya masa yadda zai ja numfashi, ya nemi mafaka, ya yi tambaya, ya jira amsa ba. Mutumin da ya san iyakar makaminsa, ya san daga nisa kaza zai samu daga nisa kaza ba zai samu ba, ya san zai iya gyara ta cikin duhu idan ta cije, shi ne wanda ba ya gaggawar harbi, saboda ba ya jin cewa ransa ya rataya ga wanda ya riga jan kunama. Sau da yawa alamar wanda ya sami horo ita ce yawan lokutan da ya ƙi harbi.

Inda babu wannan natsuwa ta ilmi, sai mutane su nemi madadinta a wani wuri. Wasu su nufi ƙwaya, su haɗiyi abin da zai kashe musu tsoro, ya kashe hankali tare da shi. Wasu su dogara ga maganin bindiga. Ba a shiga gardamar asiri a nan, kowa da abin da ya gada; amma jaridu sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin irin wannan magani, kamar yadda ya faru a Jihar Katsina a farkon 2018, inda aka harbi mutum don a gwada laƙanin da aka ba shi, ya faɗi matacce, 'yan sanda suka kama mai maganin. Da wanda ya riƙe bindigar a ranar ya taɓa zama gaban malamin ƙwarai, da hannunsa bai yarda ya auna ɗan Adam ba ko da an roƙe shi.

Akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko an yi horo ko ba a yi ba sai ya tafi. Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma shari'ar da ta koyar da haka ita ce kuma ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami abin 'yantawa ba. Da kuskure ba shi da mai shi, da ba a ɗora wa kowa komai ba. Akwai kuma masu wani tsoro wanda ya fi wannan ƙarfi, su ne masu cewa koya wa farar hula harbi tamkar wasa wuƙa ne a miƙa wa wanda ba a san zuciyarsa ba. Yau ɗan sa-kai ne, gobe wa ya san abin da zai zama? Wannan tsoro yana da tushe. Kowa ya san yadda kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwannin Zamfara ba tare da shari'a ba suka ƙara wa wutar rikicin fetur. Sai dai a lura, waɗannan mutane ba horo ne ya ɓata su ba, ba su taɓa samunsa ba. Ɓarawon daji kuma bai jira an buɗe makaranta ba kafin ya koyi ɓarin wuta, domin kashe mutanen da ba su da makami ba ya bukatar gwaninta. Abin da ke bukatar malami shi ne kishiyar haka: sanin lokacin da doka ta yarda a harba, sanin cewa wanda ya miƙa wuya ba a taɓa shi, sanin cewa wanda aka kama hannun hukuma ake kai shi. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komawa gida Salla, suka ga bindigogin farauta a motarsu, aka tara musu jama'a aka kashe mutum 16, ya isa ya nuna abin da ke faruwa idan aka ba mutum aikin tsaro ba a koya masa iyakarsa ba.

Dokar ƙasa ita ma tana da giɓi a wannan wuri. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu irin su libarba, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta irin na Turawa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da kuma masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Duk wannan daidai ne, amma tambayoyi ne a kan halin mutum, babu inda aka ce sai ya nuna a aikace cewa ya iya. Mai neman lasisin tuƙi, a ƙa'ida, sai ya je makarantar koyon mota an gwada shi. Mai neman na bindiga kuwa sai dai a duba takardunsa. A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. Jihar New York ta Amurka ta wajabta wa sababbin mafarauta darasin tsaro tun 1949, sauran jihohi suka bi sahu. A Kanada sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawar rubutu da ta riƙon bindiga a gaban mai gwadawa. A Jamus jarrabawar zama maharbi ta haɗa da harbi da doka da sanin dabbobi, kuma mutane da yawa suna faɗuwa. Japan ta fi kowa tsanani: aji, da jarrabawa, da gwajin harbi, da takardar likita, kuma bayan shekara uku sai an sabunta.

Ba a rasa waɗanda za su yi wannan aiki a ƙasar nan ba. Tun 1924 ake horar da kurata a Defo na Zariya, inda ake ɗaukar wajen wata shida kafin a ce yaro ya zama soja, kuma kusan kowace ƙaramar hukuma a Arewa tana da tsofaffin saje da samanja da suka yi ritaya suna zaune a gindin bishiya. Sai dai ba duk wanda ya iya harbi ne ya iya koyarwa ba. Tsohon sojan da ya saba da tsawa da gwale-gwale zai iya sa ɗalibi ya ƙara firgita da makamin, kuma sojan da aka horar don fagen fama yana bukatar a tuna masa cewa ɗan sintiri a cikin garinsu yake aiki, tsakanin mata da yara. Ya kamata su ma malaman a tace su, a ba su shaida, a haɗa su da sarakunan baka waɗanda suka fi su sanin bindigar toka da halin daji. Horon kuma kada ya zama na bikin yaye kawai, a yi fareti gaban gwamna a watse. Hannu yana mantuwa, saboda haka sai an riƙa komawa fili lokaci lokaci, wanda ya kasa a karɓe makaminsa har sai ya gyara.

Saura maganar harshe, wadda ta shafi wannan sashe kai tsaye. Rundunar sojan Nijeriya ta samo asali ne daga 'yan Hausawan da Gulba ya tara a Legas a 1863, kuma har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Hausa ce harshen bariki, da ita ake koya wa kurtu kwance bindiga da ɗaura ta. Daga wancan zama ne aka sami kalmomi irin su kofur da saje da samanja da fareti da shi kansa kurtu. Yau kuwa littattafan horo da Turanci suke, alhali yawancin maharba da 'yan sintiri da askarawa ba su yi nisa a boko ba. Wasunsu ajami suka fi karantawa. Umarnin da mutum zai tsaya ya fassara a zuciyarsa kafin ya bi, ba zai yi masa amfani ba a lokacin da hannunsa ke rawa. Hausa tana da kunama da ɗuri da ɗana da saiti da albarushi da kwanso, amma har yanzu ba a daidaita sunan ɗan ƙarfen nan da ke kulle kunama ba, ko na ramin da harsashi ke kwanciya kafin ya tashi, wanda shi ne maɓoyar guda ɗayan nan da ke kashe mutane. Kowane bariki da abin da yake ce musu, kowane ƙauye da nasa. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga fili nan: ya ɗauki rakoda ya zauna da maƙeran bindiga da 'yan bindigar fada da tsofaffin soja, ya tattara kalmomin da ke bakinsu tun suna da rai, a fitar da ɗan littafi cikin boko da ajami wanda mai koyarwa zai riƙe a fili.